Moodle ya kai darasina ƙauyen da sabis ba ya kaiwa

Shekara biyu na yi ina koyar da kiwon kaji ta intanet a wani dandali da ake biya da dala duk wata, har ranar da katin bankina ya ƙi biya, aka rufe mini shafi ana tsakiyar zango. Wannan takaicin ne ya kai ni ga Moodle, manhajar koyarwa ta intanet da Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002. Kyauta ce, amma mutum shi zai nemi wurin da zai ɗora ta. Ban yi mata wani kyakkyawan zato ba, domin na ɗauka kayan jami'o'i ce, ba ta irinmu ba.

Wata ɗalibata ce ta sauya mini ra'ayi, matar aure da ke zaune a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Ta yi mako biyu ba a ji ɗuriyarta ba, har na cire rai da ita, sai wata ranar kasuwa da la'asar na ga amsoshin jarrabawa uku sun shigo a jere da sunanta. Da na kira ta, sai ta ce, "Malam, ai tun makon jiya na gama su a gida." Ashe duk ranar da ta shigo gari takan sauke darussan a manhajar Moodle ta waya, ta kalle su da dare bayan yara sun kwanta, ta amsa tambayoyin ba tare da data ba, wayar kuma ta aiko da su da kanta da zarar ta ga sabis. Ni da kaina na kunna wannan zaɓin tun farko ban san darajarsa ba. Ɗaya daga cikin sharuɗɗansa shi ne kada malami ya ƙayyade wa jarrabawar lokaci.

Sai dai murnar ba ta zo ita kaɗai ba. Bidiyon da aka jona daga YouTube ba ya sauka a wayar, don haka dole na ɗora nawa kai tsaye, a nan kuma kamfanin da na yi hayar wurin ajiya a hannunsa ya nuna mini halinsa. Sun ƙayyade girman fayil ƙwarai, na rubuta musu sau uku, amsarsu ɗaya ce, wai in ƙara kuɗi. Haka na yi ta matse bidiyon da HandBrake, manhajar rage girman bidiyo, har darasin rigakafin cutar kaji ta Gumboro ya dushe, ba a iya karanta ma'aunin da ke jikin kwalbar, alhali shi ne abin da na fi so a gani.

Takardar shaida ma ta ba ni kunya, ko da yake laifin wani ƙarin kayan aiki ne da na ɗauko daga waje, wanda salon rubutunsa bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. "Shaidar Ƙwarewa" ta fito da ɗan akwati a gurbin Ƙ, kuma ban lura ba sai da na riga na buga. Na sauya salon rubutun daga baya, amma rukunin farko da biro na cike musu harafin, takarda bayan takarda.