Wasiƙa daga Brussels: Tsawon Kwanan Ƙaramar Mota ta Hannu a Nan da a Damagaram

Zuwa ga Yaya, bayan gaisuwa da fatan kai da iyali da sauran dangi kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka tambaye ni ko ƙaramar motar da ta yi tafiyar kilomita 200,000 a Turai tana da sauran amfani idan aka kawo ta gida, kuma shekara nawa za ta ƙara yi a hannunka. Amsata ita ce tana da sauran amfani mai yawa, sai dai abin da yake kashe mota a nan dabam yake da abin da yake kashe ta a Damagaram, kuma ya kamata ka san bambancin kafin ka fitar da kuɗinka.

Yawancin masu mota a Beljiyam suna tafiyar kilomita 12,000 zuwa 15,000 ne a shekara, saboda haka motar da ta shekara 15 takan kai 200,000 ko kusa da haka. A wannan lokaci injin Toyota Yaris ko Corolla da aka kula da shi bai gaji ba, kuma ba abin mamaki ba ne ya wuce 300,000 ba tare da an buɗe shi ba. Abin da yake raba mai mota da motarsa a nan shi ne kuɗin aiki da doka. Aikin awa ɗaya a gareji yakan kai Yuro 70 ko fiye, wato sama da jaka 45 na sefa tunda Yuro ɗaya yana daidai da sefa 655 da ɗoriya, kuma ban da kuɗin kayan gyara ke nan. Idan kulocin motar da darajarta ba ta wuce Yuro 1,500 ba ya ƙare, kuɗin sauya shi yana iya cinye rabin darajarta, sai mai ita ya ga gara ya sayar. A gida kuwa bakanike da yaransa za su sauke giya su mayar a wuni guda, a kan ladan da ba zai kai na awa ɗaya a nan ba.

Ta fuskar doka, mota tana fara zuwa binciken lafiya idan ta cika shekara 4, daga nan kuma galibi kowace shekara. Suna auna birki da hayaƙi da fitilu, su leƙa ƙarƙashinta, kuma idan suka ga aibi babba sai su ba da jan kati, wanda ke nufin dole a gyara a komo. Ban da wannan, birnin Anvers tun 2017 da Brussels tun 2018 sun kafa yankunan da aka hana tsofaffin motoci masu hayaƙi shiga, har ta kai tun 2022 motar gas mai matakin hayaƙi na Euro 4 ba ta da izinin yawo a Brussels, kuma tarar da aka sanya a lokacin ga wanda ya saɓa Yuro 350 ce. Motoci da yawa masu lafiyayyen inji ta wannan hanya suke barin titi, su faɗa hannun dillalan unguwar titin Heyvaert, inda ake tara su a loda zuwa tashar jiragen ruwa ta Anvers. Da can Kwatano suke sauka su biyo ta Gaya, amma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar Lome ce ta ɗauki yawancin kaya, kuma nisan ya ƙara kuɗin kawowa. Ka haɗa wannan da kuɗin duwan a lissafinka tun farko.

Ciwon da motocin nan suke zuwa da shi daga gidansu shi ne tsatsa. A lokacin sanyi ana watsa gishiri a kan hanya domin ya narkar da ƙanƙara, kuma wannan gishiri yana cin ƙarƙashin mota da bututun birki da salansa da wuraren da ƙafafu suke kama jiki. Fenti mai ƙyalli ba ya nuna komai game da haka. Duk wanda zai saya maka, ka sa ya ɗaga motar ko ya kwanta ƙarƙashinta ya ɗauko maka hoto. Busasshiyar iskarmu za ta rage wa tsatsa gudu sosai, amma ƙarfen da ya riga ya ruɓe ba zai jure ramukan hanya da lodi ba.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne rubuta tarihin mota. Tun ƙarshen 2006 Beljiyam ta wajabta wata takarda mai suna Car-Pass, wadda mai sayarwa yake miƙa wa mai saye, kuma a cikinta akwai adadin kilomitan da aka karanta duk lokacin da motar ta shiga gareji ko wurin bincike, tare da kwanan wata. Idan wani ya mayar da agogon kilomita baya, takardar za ta tona shi. Motocin da ake fitarwa ba duka ƴan Beljiyam ba ne, akwai na Jamus da Faransa da Holan, saboda haka ba kowace ce take da ita ba. Amma aƙalla a nemi littafin gyara mai hatimin gareji. Idan babu ko ɗaya, a dubi yadda sitiyari da fedar kuloci da kujerar direba suka siɗe, domin motar da aka ce ta yi 90,000 alhali fedarta ta cinye, ƙarya agogonta yake yi. A ganina motar da ta yi 220,000 da takardunta ta fi wadda take nuna 120,000 ba tare da shaida ba, kuma araha ba ta ado.

Da zarar ta iso Damagaram, abokan gabanta sun sauya, sun koma ƙura da zafi da gurɓataccen mai. Turawa suna juye baƙin mai bayan kilomita 15,000 ko shekara guda, wasu motocin ma har 30,000, domin iskarsu ba ta da ƙura kuma hanyoyinsu kwalta ce. Kada ka bi wannan lissafi. A wurinmu, inda hunturu yake cika iska da ƙura tun daga Nuwamba har Fabrairu, kuma zafin Afrilu da Mayu yake wuce maki 40, shawarata ita ce ka juye a kowane kilomita 5,000, ka sauya matatar mai tare da shi kowane karo. Ka sayi man a galan mai hatimi daga gidan mai ko shagon da ka amince da shi, mai kaurin da littafin motar ya faɗa, domin al'adar zuba mai mafi kauri a kowace mota tana cutar da injunan da aka ƙera da ƙananan hanyoyin mai. Matatar iska kuwa ita ce take tsakanin injinka da rairayin hanyar Tanut ko ta Magarya. Hura ta da iska yana taimakawa na ɗan lokaci, amma idan takardarta ta huje, ƙura za ta shiga ta goge cikin inji, motar ta fara shan mai da hayaƙi tun kafin lokacinta.

Maganar sanyaya inji ce zan fi tsayawa a kanta, domin a nan ne na ga bambanci mafi girma tsakanin aikin garejin Turai da namu. Ba a zuba ruwa zalla a lagireto a nan. Ana zuba ruwan sanyaya inji mai launi, wanda yake hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin gasara-gasara a cikin siraran bututun lagireto har su toshe, ya kuma ci famfon ruwa. Haka nan bakanikenmu da yawa suna cire tamostat da zarar mota ta sauka, su haɗa fanka kai tsaye, suna cewa an yi shi ne domin ƙasar sanyi. Aikin tamostat shi ne ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen maki 90, kuma idan babu shi injin yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu, ya sha fetur da yawa, ya kuma yi saurin siɗewa. Idan mota tana zafi, a wanke lagireto, a duba murfinsa da fanka da famfon ruwa. Tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta ƙona gasket ta lanƙwasa kan inji, saboda haka duk ranar da allurar zafi ta hau, ka tsaya nan take ko da saura kilomita biyu ka isa Mirya.

Ka tambaya kuma ko injin bel yake amfani da shi ko sarƙa wajen daidaita bugunsa. Yaris ta farko, wadda ta maye gurbin Starlet a 1999, sarƙa take da ita a injin fetur, kuma sarƙa takan daɗe muddin baƙin mai yana da kyau. Peugeot 206 bel gare ta, kuma idan ya tsinke ana cikin tafiya, bawuloli sukan lanƙwashe. Idan babu takardar da ta nuna ranar da aka sauya shi, ka sauya shi a makon farko tare da famfon ruwa.

Taya da batir ba sa daɗewa a zafinmu kamar yadda suke yi a nan. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2519 yana nufin mako na 25 a 2019, kuma tayar gwanjon da ta wuce shekara 6 ko 7 tana iya fashewa a kan zazzafar kwalta ko da zanenta bai goge ba. Wasu motocin ma da tayoyin sanyi suke zuwa, masu taushin roba, waɗanda ba su dace da ƙasarmu ba. Ƙaramar mota kuma mutum biyar aka yi ta ta ɗauka, don haka buhunan gero a baya da fasinja bakwai a ciki su ne suke karya ƙafafunta da wuri.

Zaɓin da zan ba ka shi ne motar fetur mai giyar hannu, wadda kayan gyaranta suke samuwa a kasuwar Damagaram ko a Kano. Ka guji ƙananan motocin gas da aka ƙera daga 2011 zuwa yau, domin suna da matatar hayaƙi a salansa wadda take buƙatar gas mai tsabta ƙwarai da doguwar tafiya, kuma idan ta toshe gyaranta yana da tsada da wuya. Idan ka samu irin wadda na kwatanta tana kan 200,000, ka bi abin da na lissafa, ina sa ran za ta ƙara maka kilomita 100,000 zuwa 150,000, wato shekara 8 zuwa 10 ga mai tafiyar gari da zuwa ƙauye jefi-jefi. Ka ware kuɗin juyen mai da matatu da ruwan lagireto da bel da tayoyi huɗu kafin ka fara hawa, ka kuma ajiye ƙaramin littafi a cikin motar da za ka riƙa rubuta kwanan wata da kilomita na kowane gyara. Ka sanar da ni iyakar abin da za ka iya kashewa har da duwan, in fara dubawa a nan. A gaishe min da Inna da yara.