Kafin ka ba da kafin alƙalami: tsohon ƙaramin gida a cikin Jidda ko sabuwar shagga?

Tun da aka fara rusau a Jidda a ƙarshen 2021, aka share Gulail da Karantina da Sabil da Kandara da sauran unguwannin da iyayenmu suka tsufa a ciki, maganar gida ba ta bar majalisunmu ba. Wanda ya karɓi diyya yana neman inda zai sa kuɗinsa, wanda haya ta ishe shi yana ta lissafi. Kusan kowa zaɓi uku ne a gabansa: tsohon ƙaramin gida a unguwar da ta riga ta zauna, irin su Bawadi ko Safa ko Rabwa ko Aziziyya, sabuwar shagga ta tamlik, wato sashen gida a bene da ake saya a mallaka, ko kuma gida mai yalwa can arewa wajen Hamdaniyya da Abhur.

Ni dai zuciyata tana wajen tsohon gidan, kuma ba zan ɓoye ba. Gini yana tsufa, ƙasa ba ta tsufa. Mai shagga a bene mai gida goma sha biyu ɗan kaso ne kawai yake da shi a filin, shi kuwa mai ƙaramin gida filin nasa ne har katanga. Ga masallacin unguwa da ya san jama'arsa, ga makarantar yara da za su je da ƙafa, ga mai burodi da mai ful a bakin layi. Amma tsohon gida yana iya cinye mutum har ƙashi in bai buɗe ido ba, don haka a bi shi daki-daki.

Takarda ce farko, tun kafin ka leƙa ɗaki ko ɗaya. Mu da muka ga rusau bai kamata a sake yi mana wannan karatun ba. Hukuma ta faɗa ƙarara a lokacin: wanda ke da sakki na shari'a, wato takardar mallaka ta hukuma, ana biyansa diyyar ƙasa da ta gini, wanda ba shi da sakki kuwa ginin kaɗai ake yi wa kuɗi. Gidaje nawa ne aka yi shekara arba'in ana haihuwa ana aurarwa a cikinsu, ranar da aka zo ƙidaya sai ga shi takardar da ke hannun mai gida ta ciniki ce kawai, mai sa hannun shaidu biyu? Saboda haka in dillali ya ce maka "gidan da takarda", tambaye shi wace iri. Ka nemi lambar sakkin, ka tabbatar an mayar da shi na lantarki a tsarin Ma'aikatar Shari'a, ka duba ko babu jinginar banki a kansa ko an dakatar da shi. Sannan ka sa a auna filin, mita da mita, a gwada da abin da aka rubuta. Tsofaffin gidaje sun sha cin titi ko na maƙwabci da rabin mita, kuma wanda ya saya shi zai gaji rigimar.

Sai batun magada, wanda shi ne ya fi yawa a irin waɗannan gidaje, domin galibi mai gidan ya riga mu gidan gaskiya. Babban ɗa zai zo da fara'a ya ce ƙannensa duk sun yarda. Kada ka ji nauyin cewa, "Yaya, a nuna min takardar ƙididdige magada da wakalar kowa." Ba rashin yarda ba ne, hakkin marayu da na mata kake karewa, da naka. Ƙanwa ɗaya da ke aure a Madina, in ba ta sa hannu ba, ta isa ta tsayar da cinikin baki ɗaya bayan ka riga ka ba da kuɗi.

Ɗan'uwa mai igama kuma, wato baƙo mai takardar izinin zama, ya fara tambaya a hukumance kan abin da doka ta ba shi damar mallaka da kuma a wane yanki, domin hukuncin Makka da Madina daban yake da na Jidda. Abin da nake roƙo a guje wa shi ne sayen gida da sunan wani ɗan ƙasa, komai kusancinku. Doka ba ta san da kai ba, kuma ranar da mai sunan ya faɗi, 'ya'yansa gadonsu za su gani.

In takarda ta fita fes, sai ƙarfe. Jidda gari ne na gishiri da laima, ruwan ƙasa kuma a wurare da yawa yana kusa, shi ya sa rodin cikin siminti ke tsatsa, ya kumbura, ya fasa ginshiƙi daga ciki. Bara na raka ɗan yayata duba wani gida mai ɗaki uku, fenti sabo fil, har ƙamshinsa bai fita ba. Ya ce min, "Kawu, wannan ai ba ya buƙatar komai." Injiniyan da muka zo da shi ya ƙwanƙwasa rufin banɗaki da ɗan guduma, sai ga ɓawon siminti ya zubo, rodin ya yi jawur ya sirance. Sabon fenti a tsohon gida abin tambaya ne. Ka duba gindin ginshiƙai, da rufin banɗaki da na kicin, da ƙarƙashin tankin sama. Tsagewa siririya a filasta ba komai ba ce. Wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga, ko ƙofar da ta daina rufuwa daidai, tana nuna ƙasa ta motsa. Kuɗin injiniya ba su kai kuɗin ƙofa ɗaya ba, kuma ka ɗauko naka, ba wanda dillali ya kawo ba.

Ruwa shi ne na uku. Ka sa a buɗe tankin ƙasa ka leƙa da fitila. In yana yoyo, kuɗin ruwa zai riƙa zuwa maka da nauyi, ruwan kuma yana cin harsashin gidan a ɓoye. Ka tambaya ko an haɗa gidan da magudanar gari ko har yanzu bayyara ce, wato ramin ƙazantar gida, da sai an kira mota ta zuƙe, kuma tazarar nawa ce tsakaninta da tankin sha. Game da ambaliya, wanda ya ga Nuwamban 2009, lokacin da ruwa ya ci unguwar Kuwaiza aka rasa rayuka sama da 100, ba ya buƙatar a ja masa kunne. An yi ayyukan magudanai bayan nan, amma layi da layi sun bambanta. Ka sami dattijon da ya daɗe a layin bayan sallar la'asar, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, in an yi ruwa ina yake tsayawa a nan?" Zai nuna maka da sandarsa.

Wuta ba ta da dogon bayani. Tsofaffin gidaje an yi su ne kan tsohon tsarin lantarki mai ƙarfin volt 127 da 220, sabon tsarin Saudiyya kuma 230 ne, wayoyin ba a sa su don ɗaukar mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) biyar da injin wanki ba. Ka ɗauka kawai za ka sake waya da allon wuta, ka sa kuɗin a lissafi.

To sabuwar shagga fa? Tana da nata alherin, kuma ga wasu ita ce daidai. Sababbin gine-gine suna zuwa da inshorar shekara 10 kan ɓoyayyen aibi, ka nemi takardar ka gani da idonka. Banki ya fi saurin ba da rance a kanta, alhali tsohon gida sau da yawa sai dai kuɗi hannu, ko rance na gajeren lokaci. Ma'aurata sababbi, ko dattijuwar da ba ta da mai bin masu gyara, shagga ta fi musu kwanciyar hankali. Sai dai ka tabbatar shaggar tana da sakkinta daban, kuma akwai ƙungiyar masu gida mai rajista, in ba haka ba ranar da lif ya tsaya kowa zai noƙe. Kuma mu mutane ne masu baƙi. Azumi da aikin Hajji ba sa wucewa sai wani daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya sauka a wajenka, ga suna, ga zaman makoki. Tsakar gida mai mita ashirin da rufin da za a shimfiɗa tabarma sun fi falo mai sheƙi amfani a irin wannan rana.

Gidan arewa kuwa yalwa yake sayarwa, kuma gaskiya akwai ta. Abin da za ka biya shi ne hanya. In aikinka yana wajen Bab Makka ko tashar jiragen ruwa, ka gwada tafiyar da ƙarfe bakwai na safe ranar Lahadi, ranar da ake fara aikin mako, kafin ka yanke shawara, ka kuma tambaya ko ruwan famfo ya iso layin ko sai an sayi wayit, wato ruwan tanka. Na ga waɗanda suka koma can zumunci ya zama sai a waya.

Wajen lissafi, kada ka tsaya a farashin da aka faɗa maka. Akwai harajin cinikin gida kashi 5 cikin 100, wanda aka fara a Oktoban 2020. A doka yana kan mai sayarwa, amma ku yi magana a fili kan wanda zai ɗauka, domin da yawa suna ɗora shi a kan mai saye. Ɗan ƙasa mai sayen gidansa na farko gwamnati na ɗauke masa harajin har zuwa riyal miliyan 1 na farashin. La'adar dillali kashi 2.5 ce. A kan waɗannan ka ɗora abin da injiniya ya rubuta na gyara, ka ƙara wani abu, domin bango ba ya faɗin duk abin da ke cikinsa sai an fasa. In jimillar ta kai kuɗin sabuwar shagga a unguwa ɗaya, har yanzu ni gidan zan ɗauka saboda filin, muddin ginshiƙansa lafiya. In kuwa injiniya ya ce ƙarfen ya tafi, to fili kake saye, ka yi tayin kuɗin fili, ka cire kuɗin rushewa.

Masu cewa "ƙarami ne amma zan ɗora bene" su fara zuwa baladiyya, wato hukumar gari, su ji hawa nawa aka yarda a layin, injiniya kuma ya ce ko harsashin zai ɗauka. Kafin alƙalami kuma kada ya fita daga hannunka sai an rubuta a takarda cewa za a mayar maka da shi in sakki ko binciken injiniya ya nuna matsala, da adadin kwanakin da aka ba ka na yin binciken.