Rumfar Baba mai duwatsu a Kasuwar Kurmi

Shekara ta uku ke nan ina shirya abin wuya da carbi da 'yan kunne a gida, nan Gwammaja, yawanci na kayan lefe. Masu tambayata inda nake saro duwatsu sun yi yawa, to ga amsa: wata 'yar rumfa ce a Kurmi, ɓangaren masu tsakiya da murjani. Ba allo, ba suna, kowa Baba yake ce wa mai ita. Kasuwar tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, ƙarni na 15, lungunanta kuwa ba don mota aka yi su ba. A bakin titi adaidaita zai ajiye ki, sauran ki taka da ƙafa.

Ranar da na fara zuwa, wani shuɗin jere na ɗauka, raina ya biya, ina ganin na tsinci fairuz da araha. Baba ya karɓa, ya juya ƙwaya ɗaya ya nuna min cikin hujin. Fari fat.

"'Yata, wannan rini ne. Farin dutse ne aka tsoma a shuɗi. In kina so ki ɗauka, amma kada ki ce wa mai saye fairuz ne."

Da na koma gida na ɗiga ruwan goge farce a auduga na murza, sai ga audugar ta yi shuɗi. Tun daga nan ban ƙara sayen dutse a wani wuri ba. Da ya yi shiru, da na biya ninki ina godiya.

A wurinsa na koyi gwaji. Ya ɗora min aƙiƙ a kumatu, sanyi ƙalau, kuma ya daɗe bai ɗumama ba. Ƙwayar kwalba, wato gilashi, takan nuna 'yan kumfa a ciki in aka ɗaga ta a haske. Roba ba ta da nauyi, allura mai zafi ma tana shigarta. Ba wai yana ƙyamar kwalba ba ne: yana da na Bida masu kyau, aikin hannun Nufawa, sai dai da sunansu na kwalba yake sayar da su. Jan aƙiƙinsa ya fi komai kyau a rumfar, irin wanda ake gogewa a Kambat ta jihar Gujarat a Indiya, kowace ƙwaya da zanenta. In kika ga jere duk ƙwayoyin sun zama Hassan da Husaini, ki sake dubawa.

Murjani kuwa ba ya shimfiɗa shi a fili, yana cikin wani gwangwani a ƙarƙashin benci. Shi ba daga ƙasa ake haƙo shi ba, halittar teku ce, kuma ja na asali daga Bahar Rum aka fi samo shi. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs bai wuce 3 zuwa 4 ba, aƙiƙ kuwa yana kusan 7. Tsami da turare kuma suna kashe masa ƙyalli. Amarenmu da humra, sai dai haƙuri! Duk wadda na yi wa na murjani sai na ja mata kunne ta bari humrar ta bushe kafin ta ɗaura.

Inda na ji haushi shi ne huji. Na sayi jere biyu na ametis, dutsen nan mai ruwan makuba, mai milimita 8, wajen ƙwaya 48 a kowane jere. Bakwai daga ciki hujinsu a karkace yake, bakin kuma da kaifi. Ban lura ba na shirya wa wata amarya, ranar kamu zaren ya tsinke, duwatsu suka watse a tsakar gida yara na tsinta. Kunyar da na sha Allah kaɗai ya sani. Na mayar masa, ya canza min biyar, biyu ya ce ni na fasa su. Ban yi musu da dattijo ba, amma ban yarda ba. Yanzu ƙulli nake yi tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, masu nauyi kuma da siririyar waya nake shirya su. Abin takaici, ana haƙo irin wannan dutse a Bauchi, amma sai ya ƙetare teku an huda shi sannan ya dawo mana da tsada.

Rumfar duhu gare ta, ki fito da jere bakin lungu ki duba launinsa a rana, ba ya hanawa. Ba shi da POS, ki zo da kuɗi a hannu. Ciniki kuma ba ya son ja-in-ja: in ya ce albarka sau biyu, ki ƙara ko ki ajiye. Da an kira azahar zai rufa buhu a kan kaya ya tafi masallaci, don haka da hantsi nake zuwa. Asabar mai zuwa ma zan koma, ya ce ya ajiye min jere uku na jan aƙiƙ na carbin da zan yi wa surukina kafin azumi.