Tsiron iska da na sayo daga Yamai: biyu sun rayu, babban ya ruɓe

A watan Nuwamba na ga hotonsa wajen wata mai sayar da kayan ado a WhatsApp, an rataye shi cikin ƙwallon gilashi, ba ƙasa ba tukunya. Tilansiya ake ce masa. Na biya kuɗin uku, ta sako mini su a mota daga Yamai, na je tasha na karɓo. Muryar da ta turo mini tana nan cikin wayata har yau: "Hajiya, iska kawai yake sha, ki rataye ki manta da shi."

Na rataye a falo kamar yadda ta ce. Sai hunturu ya kama, kun dai san na Maraɗi, leɓe da diddige ma tsagewa suke. Kafin sati uku ganyen ya nannaɗe, bakinsa ya bushe ƙamas. Na kira ta, ta ce in jiƙa su a ruwa, daga nan ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Na jiƙa, na tsamo, na mayar cikin gilashin suna ɗiga. Kwana huɗu bayan haka na ɗauko babban, wanda na fi so, sai ganyen tsakiya ya zare ya biyo hannuna. Gindin ya yi baƙi, yana wari. Wallahi sai da na zauna, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ɗiyar maƙwabciyata da ke karatun aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ita ta ceci sauran. Ta ce, "Inna, wannan dangin abarba ne, asalinsa Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, a jikin reshe yake maƙalewa." Saiwar tasa ta riƙo ce kawai. Farin abin nan da ke kan ganyen, da na ɗauka ƙura ce har ina shirin gogewa, ashe da shi yake tsotsar ruwa. In kuma ruwa ya kwanta masa a tsakiya, ruɓewa yake. Ta koya mini: a jiƙa minti 20 zuwa 30, a kakkaɓe, a kife shi inda iska ke shiga ya bushe cikin awa 4, sannan a ajiye kusa da taga inda akwai haske amma rana ba ta dukansa.

Haka nake yi sau biyu a sati, da ruwan pampo da ya kwana a buɗe. A Fabrairu ƙaramin ya rikiɗe ya yi ja, ya fito da siririn fure shuɗi mai ɗan ja-ja. Duk wadda ta shigo sai ta tambaya ko na roba ne. Sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, in ji yarinyar, daga nan sai ƴaƴa, kuma ga ɗan tsiro na gani a gindinsa.

Amma duk sanda na kalli gilashin nan da ba komai ciki sai abin ya dawo mini sabo. Kuɗinsa dabam mai sayarwar ta karɓa, kuma shi ne ya hana ruwan bushewa. Na tura mata hoton wanda ya ruɓe, ta buɗe, shiru har yanzu. Tsiron zan ƙara saye in biyun nan sun wuce zafin Afrilu lafiya, amma ba a hannunta ba.