Kwikwiyon gida da karen lallashin marasa lafiya

A Amurka akan gwada halin kwikwiyo yana da kwana 49: a tafa hannu a ga ko zai taho, a kwantar da shi rigingine a ga ko zai natsu. Wanda zai zauna cikin yara a gida, haƙuri kawai ake nema, ko da yana da rawar kai.

Wanda za a riƙa kai wa asibiti don ya lallashi marasa lafiya kuwa, aikinsa ya fi nauyi. Baƙo zai shafa shi, keken guragu zai gifta, kwano zai faɗi a bayansa, kuma ba a so ya firgita. Ƙungiyar Pet Partners, mai yi wa irin waɗannan karnuka rajista a Amurka, ba ta karɓarsa sai ya shekara 1. A ganina sun kyauta, don halin kwikwiyo kan sauya kafin ya girma.