Wasa ko Aikin Rukuni: Wanne Za Ki Fara Kamawa a Darasin Lissafi?

Malama, sannu da fama da yara. Kin ce aji uku kike riƙe da shi, yara 87, kuma hedimasta ya dawo daga bita ya ce a rage sa yara rera jadawalin sau kamar waƙa, a shigo da wasanni da aikin rukuni. Kina tambayar wanne za ki kama a cikin biyun, tunda darasin minti 35 ne, kuma ko kwali ɗaya na kayan aiki ba a miƙa miki ba. Na daɗe ina gwada su a azuzuwa masu cika irin naki, don haka bari in jera miki su gefe da gefe yadda na same su.

Ma'aunina ɗaya ne. A kowane minti na darasi, yara nawa ne kansu ke lissafi? Da shi nake auna wasa, da shi nake auna aikin rukuni, kuma kowannensu yana iya faɗuwa warwas a kansa.

Mu fara da wasa. Abin da yawancinmu muke kira wasa shi ne gasar layi da layi: a fito da yaro ɗaya daga kowane ɓangare, a ba su alli, a faɗi tambaya, wanda ya riga rubuta amsa a tafa masa. Aji yana ɗaukar sowa, mai wucewa ta taga zai ce karatu ya yi daɗi. To ki ƙirga. A minti goma, in an yi sauri, zagaye goma za a yi, wato yara 20 sun taɓa alli sau ɗaiɗai, sauran 67 ihu kawai suka sha. Wanda ya fi shi ɓarna shi ne na tsayuwa, inda duk wanda ya kuskure amsa zai zauna. Wa ke fara zama? Yaron nan da ya fi kowa buƙatar maimaici. Tun minti na farko an sallame shi, an bar filin ga waɗanda dama sun iya. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin yaro ba ya manta ranar da aji duka ya yi masa dariya, kuma da yawansu daga nan suke yanke wa kansu hukuncin cewa lissafi ba nasu ba ne.

Wasan da nake nufi na bibbiyu ne, a kan benci, kowa da abokin karawarsa. Wanda ya fi yi mini aiki a aji uku shi ne tsere zuwa hamsin. Kowane yaro da tarin tsinkayen tsintsiya da zare ko kyauro. A tsakaninsu akwai gwangwanin madara mai murafen kwalbar lemo tara, an rubuta 1 zuwa 9 a cikinsu. Yaro ya zura hannu ba tare da ya leƙa ba, ya ɗebi tsinke daidai lambar da ta fito, ya mayar da murfin. Duk lokacin da tsinkayensa suka cika goma sai ya ɗaure su dami. Wanda ya riga haɗa dami biyar ya ci. Kamar zagaye goma ake yi kafin a kai, saboda haka kowane yaro ya yi tarawa sau goma, ya kuma sa ido a kan goma na abokinsa, domin ba wanda zai yarda a yi masa maguɗi. Tunda yaranki 87 ne, benci ɗaya zai zama na mutum uku, ba komai.

Daɗinsa yana fitowa ne ranar da kika juya shi, a fara da dami biyar ana ragewa har a sauko sifiri. Na tsaya a kan wani yaro da ke da dami uku da tsinke biyu, ya zaro 5. Ya ɗauke biyun nan, ya tsaya yana kallon damin, yana kallona. Abokinsa ya ce masa, "Kwance ɗaya mana!" Ya kwance, ya zare uku, ya ƙirga abin da ya rage: dami biyu, tsinke bakwai. Wannan yaron a littafinsa 32 a ɗebe 5 yakan ba shi 33, saboda yana cire ƙaramar lamba daga babba duk inda ya same su. Shekara guda ana ce masa ya aro ɗaya a wurin maƙwabci, bai san me ake arowa ba sai ranar da ya kwance dami da hannunsa. Dami da tsinke ba ƙirƙirata ba ce. Da su ake aiki a tsarin koyar da yaro daidai matakinsa da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, wanda aka gina KaLMA, shirin haɓaka karatu da lissafi na jihar Kano, a kansa a Wudil da Dawakin Tofa a 2019, don 'yan aji huɗu zuwa shida.

Wani zai ce a kawo dara, tunda tamu ce. Ina amfani da filinta: layi biyar, gurbi shida-shida, 30 ke nan, kuma in yaro ya zagaya ya tsaya ta ɗaya gefen sai ya ga layi shida na biyar-biyar, ya gane da idonsa cewa 5 sau 6 da 6 sau 5 abu ɗaya ne. Amma buga darar kanta dabara take koyarwa, ba ta ƙara wa yaro saurin tarawa ko ɗebewa, kada a cinye darasi da ita.

Iyakar wasa ke nan: yana wasa wuƙar da aka riga aka ƙera. Abin da kika koyar jiya shi yake zaunar wa yaro a ka, ya sa hannunsa ya saba. Ba zai faɗa masa dalilin da ya sa ake buƙatar mita ko amfanin rubuta lissafi ba. Nan aikin rukuni yake shigowa.

Aikin rukuni tambaya ce guda mai ɗan nauyi da yara huɗu ko biyar za su kwana biyu ko uku suna warwarewa, su fito da wani abu da za a gani. Misali, a auna tsawon aji. Ranar farko kowane rukuni ya auna da ƙafa, dunduniya na taɓa yatsa, su auna benci da taƙi, su auna allo da kamu. Rana ta biyu a rubuta sakamakon kowa a allo. A nawa ajin wani rukuni ya ce ƙafa 31, wani ya ce 38, gardama ta kaure, kowa na rantsuwa shi ne daidai. Na yi shiru na bar su. Can wata yarinya ta ce a fito da waɗanda suka yi awon. Aka fito da su, dogon yaro da ya fi kowa girma a ajin da wata 'yar ƙarama, aka jera ƙafafunsu. Ajin ya yi tsit, sannan aka fashe da magana. Rana ta uku na zo da tef ɗin tela, mai santimita 150, muka yanka igiya mai tsawon mita ɗaya ga kowane rukuni, aka sake awo, amsoshi suka zo kusa da juna. Da na shigo tun ranar farko na rubuta a allo cewa santimita 100 ne mita ɗaya, da sun haddace, sun manta bayan jarrabawa.

Haka kasuwar aji. Kowane rukuni ya kafa teburinsa da kwalayen ashana da ledojin omo da babu komai a ciki, su sa farashi, su yanka takardun kuɗi na naira 50, 100, 200 da 500, su riƙe littafin ciniki, in an tashi kasuwa kuɗin hannu ya yi daidai da abin da aka rubuta. A nan ne na gano wata yarinya mai tallar gyaɗa da nake ɗauka tana can baya. Aka sayi ƙulli bakwai na hamsin-hamsin, aka ba ta 500, kafin mai rubutu ya buɗe littafi ta miƙa canjin 150. Na tambaye ta yadda ta yi. Ta ce, "Ɗari uku da hamsin ne, in na cika hamsin ɗari huɗu, sai ɗari." Ita ce kuma in ka rubuta mata 500 a ɗebe 350 take rubuta 250. Masu bincike sun ga irin wannan a birnin Recife na ƙasar Brazil tun 1985: yara masu sayar da kaya a titi suna amsa kusan duk lissafin ciniki daidai, amma in aka mayar musu da shi a takarda sai su yi ta faɗuwa. Ajinki cike yake da irinsu, Malama. Wasan tsinke ba zai nuna miki su ba, kasuwa za ta nuna.

To amma cutar aikin rukuni ita ce laɓewa. Yaro ɗaya mai kaifin kai, galibi monita, ya ƙwace biro ya yi komai, sauran su kewaye shi suna kallo, a miƙo miki aiki mai kyau da sunaye biyar a kai. A wasa yaro mai rauni yana faɗuwa a bainar jama'a, a rukuni kuwa yana ɓacewa ba wanda ya lura, kuma na biyun ya fi wuyar ganewa. Karon farko da na gwada na raba aji gida takwas, kowane gida sama da mutum goma. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai: biyu suna aiki, sauran suna kokawa a kan igiya, hayaniya ta hana ajin da ke maƙwabtaka da mu karatu. Daga nan na koma biyar-biyar, kowa da aikinsa: mai awo, mai riƙe igiya, mai ƙirga, mai rubutu, mai sake dubawa. Wanda zai yi bayani a gaban aji kuma ba su ke zaɓa ba, ƙuri'a nake jefawa bayan an gama. Da zarar sun san tana iya faɗawa kan kowa, za ki ga gwanin cikinsu ya duƙufa yana koya wa na baya.

Wajen lokaci da wahala ba a haɗa su. Wasa minti goma ne, kuma in yara sun iya ƙa'idarsa, gobe cewa kawai za ki yi a fito da tsinke. Aikin rukuni yana cin darasi uku, yana cin darenki wajen shiri, sannan yara 87 biyar-biyar rukuni 17 ne har da ragowar biyu. Tsarin ilimi na ƙasa malami ɗaya ga yara 35 ya tanada a firamare, kuma yawancin dabarun da ake kawowa daga bita da irin wannan ajin aka tsara su. Ba za ki iya zagaya rukuni 17 a cikin ɗaki mai cike da benci ba. Ni waje nake fita da su gindin bishiya, in sa darasin dab da fita tara, don in aiki ya ɗan zarce kada ya shiga lokacin wani malami.

Akwai bambanci guda da ba a cika faɗa ba, wajen haɗa yaran. A wasa ki haɗa tsara da tsara. In kika zaunar da gwani da mai rauni, ɗaya zai yi ta ci, ɗaya ya yi ta shan kaye har ya tsani gwangwanin. Masu ƙarfi ki ba su tsere zuwa ɗari da zaro murfi biyu a lokaci guda, na baya su tsaya a ashirin. A rukuni kuwa gauraya ake so, mai iya karatu da mai iya ciniki da mai tsabtar rubutu, domin aikin yana da fuskoki da yawa. Ki kuma lura da 'yan mata, don in ba ki raba aiki da bakinki ba, maza za su kwashe awo da riƙe kuɗi su bar musu rubutu kullum.

Jadawalin sau kuma kada ki jefar da shi gaba ɗaya. Yaro yana buƙatar 7 sau 8 ta fito masa ba tare da ƙirga yatsu ba. Laifin rerawar shi ne in ka tsayar da yaro a tsakiya sai ya koma farko. Murafe biyu daga gwangwani, a ninka lambobin da suka fito, suna maganin wannan, tunda ba a jere suke zuwa ba.

In ni ne a ajinki, da wasa zan fara, na bibbiyu, minti goma a ƙarshen darasi, kwana huɗu a mako, kullum a kan abin da aka riga aka koyar, kuma a rufe da tambaya biyu ko uku da kowa zai rubuta a littafinsa shi kaɗai, don ki ga ko abin ya tashi daga tsinke ya hau takarda. Aikin rukuni zan bar shi sau ɗaya a zangon farko, sau biyu a na biyu da na uku, in sun saba zama da juna ba faɗa. In sun shiga aji biyar da shida ana iya yawaita shi.

Ranar Juma'a ki ce kowa ya zo Litinin da tsinke 60, tsawon yatsa, da ɗan zare. Makon farko ban da gasa, ƙirga goma da ɗaurewa kawai za a yi har hannu ya faɗa. In an tashi ki karɓe su benci-benci a leda ki kulle a ofis, don in suka tafi da su gida, rabinsu ba za su dawo ba.