Takardar origami, kendama ko kayan rubutun burushi: wanne za ka fara saya wa yaro?

Idan katun ya sa yaronka ya fara tambayarka labarin Japan, ka shiga shagunan intanet neman abin da zai taɓa da hannunsa, abubuwa uku za ka fi cin karo da su: takardar ninkewa ta origami, abin wasan katako da ake kira kendama, da kayan shodo, wato rubutun burushi da tawada. Ba lallai ka kwaso su gaba ɗaya ba. Shekarun yaron ne za su raba gardama.

Ni dai da takarda nake cewa a fara. Wadda yaran Japan suka saba da ita santimita 15 ce kowane gefe, fuska ɗaya mai launi, ɗayar fara, kuma yawanci ɗauri guda na ɗauke da falle 100. Farar fuskar nan tana da aiki: da ita yaro ke gane ko ya kifa takardar daidai yadda zanen ya nuna. Masu sayarwa za su tallata maka washi, takardar gargajiya da ake yi da ɓawon itace, wadda UNESCO ta sa sana'arta cikin kayan gadon duniya a 2014. Kyau kam akwai shi, amma tana da tsada, kuma ɗan shekara biyar sai ya cukuikuye falle goma kafin ya fitar da kan kare guda. A bar washi sai hannu ya faɗa. Takardar A4 ta ofis ma tana yi idan aka yanke ta gefe huɗu daidai, sai dai kaurinta kan hana baki da fikafikan tsuntsu fitowa da tsini.

Ka duba ko ɗaurin ya zo da littafin zane mai kibiyoyi da ɗige-ɗigen layi. Wannan tsari, wanda gwanin origami ɗan Japan Akira Yoshizawa ya kafa harsashinsa, shi ya sa yaron da bai iya Japananci ba zai iya bin littafin. Ya fara da jirgin ruwa da kwaɗo mai tsalle. Gauraka sai daga baya, kuma ranar da ya iya ta ne za ka ba shi labarin Sadako Sasaki, yarinyar Hiroshima da ta yi ta ninke gauraki a gadon asibiti kafin rasuwarta a 1955.

Kendama ta fi dacewa da yaro mai ƙiriniya wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Sanda ce mai kofuna uku da tsini, an ɗaura mata ƙwallo mai rami da zare, ana cilla ƙwallon a cafe. Sayi ta katako. Ta roba ba ta da nauyi, ƙwallon sai ya yi ta zillewa har yaro ya gaji ya jefar. Ƙasa da shekara shida ban ba da shawara ba, don ƙwallon na iya samun goshi, ko gilashin talabijin.

Shodo kuwa a yi hattara. Tawadarsu, sumi, da baƙin hayaƙi da danƙo ake haɗa ta, kusan yadda almajiri ke haɗa tasa da gawayi da ƙaro, amma idan ta taɓa farar riga ta zauna ke nan. A makarantun Japan ma sai aji uku na firamare ake fara rubutu da burushi da tawada. Ga ƙanana, akwai wani ƙyalle da ake rubutu a kansa da ruwa zalla: rubutun ya fito baƙi, ya bushe ya ɓace, a sake. Shi ya fi arha, kuma yaro zai maimaita haruffan Japananci 46 da ake kira hiragana ba tare da uwa ta shiga wanki ba.

Bayan waɗannan ukun akwai furoshiki, ƙyallen da mutanen Japan suke ƙunshe kyauta ko kwanon abinci da shi, amma kada ka kashe masa kuɗin jirgi. Karɓi ragowar atamfa wajen tela, a yanke santimita 50 kowane gefe, a kalmashe bakin, yaro ya koyi ƙullin.